Ƙawanya da Yunwa: Abin da Ƙasar Rano da Duwatsun Ningi Suka Gani

Titin da ya tashi daga Karfi, ya ratsa Bunkure, ya shiga Rano, sannan ya karkata gabas zuwa Kibiya, a yau titin manoma ne. Da kaka dawa ce da masara da gyaɗa da shinkafa a gefensa, sai motocin kwasar amfani da 'yan acaɓa ɗauke da buhuna. Amma ƙasar da wannan titi ya ratsa ta yi ɗaruruwan shekaru tana zaman bakin daga. Rundunar Kano in za ta nufi duwatsun kudu ta nan take tayar da ƙura, maharan da suka sauko daga duwatsun kuma gonakin nan suke fara takawa kafin su hango birni. Shi ya sa tsofaffin garuruwan yankin ba su zauna a fili sakaka ba. Wani ya jingina da dutse kamar Rano da Rurum, wani ya kewaye kansa da ganuwa, wanda bai da ƙarfin ginin ƙasa kuma ya kafa itatuwa ya yi kafi. Har gobe taswirar kudancin Kano na ɗauke da shaidar wannan zama: Kafin Maiyaƙi a Kiru, Kafin Ciri a Garko, Kafin Agur a Madobi.

Rano tsohuwar masarauta ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma sarkinta ake yi wa kirari da Autan Bawo. A rabon ayyukan da labarin Bayajida ya kawo, Kano da Rano ne sarakunan baba, wato masu rini da sana'a. Zama kusa da Kano bai bar ta ta huta ba. Littafin Tarihin Kano, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19 kuma H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, ya ce Sarki Yaji, da ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga Zamna Gaba, ya bi shi har ƙasarsa, ya zauna shekara biyu a Bunu. Daga wannan zamani Rano ta shiga inuwar Kano, ta zama garkuwarta ta kudu.

Ɗan Yaji ne ya yi abin da ya fi dacewa a tsaya a kai. Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, mayaƙi ne da littafin ya ce da ƙyar yake zama a birni. Shi ya kawo wa mahayan Kano lifidi da kwalkwali da sulke, saboda asarar da yake yi a yaƙinsa da mutanen Umbatu, waɗanda masana tarihi da dama ke ɗauka su ne kakannin Butawan da ke zaune a duwatsun Burra da Ningi. Sau biyu yana kai musu yaƙi yana dawowa hannu rabbana. Doki ba ya hawan dutse, mai kibiya a saman dutse kuwa ya fi mai takobi a ƙasa. A karo na uku Kanajeji ya sake dabara. Ya kafa sansani a gindin duwatsun, ya zauna shekara biyu, ya hana mutanen saukowa gona. Damina ta zo ta wuce ba a yi shuka ba, wata ta sake zuwa ta wuce. Rumbuna suka ƙare. Da yunwa ta kai musu iya wuya suka nemi sulhu, kuma kuɗin sulhun 'ya'yan cikinsu ne: maza dubu, mata dubu, sannan suka ƙara da bayi dubu biyu.

Marubucin ya kawo wannan a matsayin nasarar sarki, har da kirarinsa. Bai ambaci sunan ko da yaro ɗaya daga cikin dubu biyun nan ba, bai kuma ce komai a kan tsofaffi da masu jego da suka mutu kafin a kai ga sulhu ba. Mai karatu na yau ba shi da uzurin yin irin wannan shiru. Abin da Kanajeji ya yi shi ne ya bar mayaƙan da suka gagare shi, ya juya kan cikin iyalansu. Wanda ya fara faɗuwa a irin wannan yaƙi ba mai kwari da baka ba ne, domin shi ake fara ba ɗan abin da ya rage a tukunya. Jaririn da nono ya ƙafe wa ne, da tsohuwar da ke cewa ta ƙoshi don jikanta ya ci.

Mutanen ƙasar Hausa sun san wannan makami sarai, kuma ginin garuruwansu ya nuna haka. Ganuwa ba a yin ta daf da gidaje. Ana jan ta ne ta haɗa da gonaki da rijiyoyi da kududdufai, ta yadda in an rufe ƙofa za a iya yin shuka a ciki, a shayar da dabbobi. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya soma a farkon ƙarni na 12 kuma Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ta haɗa da Dala da Goron Dutse da fili mai yawa na noma. Ƙananan garuruwa ma haka suke yi gwargwadon ƙarfinsu. Aikin gayya ne na rani: maza na haƙa ƙasa suna kwaɓawa, mata da yara na ɗebo ruwa, ramin da aka kwashi ƙasar kuma ya zama gwalalo a bayan ganuwa, a dasa masa sarƙaƙiya da sauran ƙaya. Ƙofar takan zama ƙunci, yadda mahayi biyu ba za su shiga a jere ba, da ƙyaure mai nauyi da sarkin ƙofa da ke kwana kusa da ita. Rana na faɗuwa a rufe. Manomin da ya makara a gona sai ya kwana a kan bishiya ko ya yi ta magiya a bakin ƙofa. In aka ji kuge ko ganga da tsakar rana, kowa ya san ma'anarta: a jefar da fartanya, a saɓa yaro, a kora awaki, a nufi gari. Damman da ba a kai ga shigarwa rumbu ba, sun zama na mahara ko na wuta.

Sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi, Muhammadu Alwali, ya hau gado a 1781 da tsoron yunwa a ransa. Tarihin Kano ya ce da hawansa ya shiga tara gero da dawa saboda yaƙi da fari, amma duk da haka yunwar ta cim masa. Da masu jihadi suka karya rundunarsa a Ɗanyaya ya bar birni, ya je Zariya bai sami wurin zama ba, ya juyo ta Rano, ya ƙarasa Burumburum da ke ƙasar Tudun Wada a yau. Nan aka kewaye shi, nan aka kashe shi wajen 1807. Wato mulkin gidan da ya riƙe Kano tun ƙarni na 17 a bayan wata ganuwa ta kudancin Kano ya ƙare. Zaman lafiya bai biyo baya nan take ba, domin Rano na cikin garuruwan da Sarki Ibrahim Dabo ya kai wa yaƙi bayan hawansa a 1819, lokacin da ƙasa ta yi masa tawaye.

Akwai wani ɗan labari daga can arewa da ya cancanci a saka shi a nan. A watan Oktoba na 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa Konya, birnin Gobirawa, ƙawanya. A cikin duk abin da ya gani na dawakai da lifida, wadda ta fi burge shi wata tsohuwar baiwa ce Bazamfariya. Tana kan doki, da malafa a kai, da gorunan ruwa kamar shida rataye a sirdi, da tasar tagulla, tana kutsawa inda kibau ke sauka tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Aikin agaji a fagen fama ya girmi duk wata ƙungiya mai tambari a ƙasar nan.

Babbar jarrabawar kudancin Kano ta zo ne a rabi na biyu na ƙarni na 19, kuma daga cikin gida ta taso. Wajen 1846 wani malami mai suna Hamza, mutumin Tsakuwa a ƙasar Dawakin Kudu, ya ƙi biyan kuɗin ƙasa da aka ɗora wa malamai. Shi da almajiransa da wasu malamai suka yi ƙaura, suka faɗa duwatsun Ningi. A can suka tarar da Butawa da Warjawa da Fa'awa da Sirawa, ƙabilun da suka gaji da harin bayi da neman gandu daga Kano da Bauci. Malaman suka kawo tsari da dawaki da sanin sirrin masarautu, mutanen dutse suka kawo yawa da kibiya da tsohon ƙulli a zuci. An kashe Malam Hamza ba da jimawa ba, amma abin da ya kafa ya tsaya. Ahmadu ya gaje shi, sai Abubakar Ɗanmaje, sai Haruna Ƙarami, har zuwa Ɗanyaya.

Ningawa ba su da ƙarfin cin birnin Kano, ba su ma nemi haka ba. Yaƙinsu na sari-ka-noƙe ne. Bayan an girbe amfani, koguna sun janye, sai su sauko cikin dare, su faɗa wa ƙauye da asuba, su kwashi mutane da shanu, su cinna wa rumbuna wuta, kafin dawakin sarki su iso sun koma dutse. Daga Gwaram da Birnin Kudu zuwa Sumaila da ƙasar Rano da Tudun Wada, babu wanda ke barci da ido biyu rufe. Ƙananan ƙauyuka suka watse, mutane suka cunkushe a garuruwa masu ganuwa, gonakin nesa suka koma daji. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, da ya hau a 1855, ya sha fita da kansa, aka ƙarfafa garuruwa irin su Takai suka zama ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, bisa tsarin da Muhammadu Bello ya shimfiɗa tun da fari. Sarkin Bauci Ibrahim ya bar fadarsa ya tare a Rauta shekara da shekaru don tare Ningawa. A zamanin Haruna harinsu ya kai bakin ganuwar Zariya, kuma gazawar Sarkin Zazzau Sambo wajen tsare ƙasarsa na cikin dalilan tuɓe shi a 1888.

Su kuma rundunonin sarakuna, in sun isa duwatsun, dabarar Kanajeji suke maimaitawa: a yi sansani a ƙasa, a sa dawakai su cinye shuka, a ƙone abin da ya saura, a kama wanda ya sauko neman ruwa. Kowane ɓangare na da hujjarsa. Sarki na cewa yana kare talakawansa daga 'yan tawaye, Baninge na cewa yana ramuwar 'ya'yansa da aka sayar a kasuwa. Amma matar da aka kama a gonar gyaɗa a ƙasar Kibiya ba ita ta aza wa Malam Hamza haraji ba, yaron Bawarje da aka ɗaure zuwa Kano kuma ba shi ya ƙone Gwaram ba. Shekara fiye da hamsin aka yi a haka, kuma babu ɓangaren da ya gama da ɗaya. Mutanen da aka durƙusar da yunwa a zamanin Kanajeji, jikokinsu ne suka hana Kano sakat bayan shekara 450.

Sauran labarin gajere ne. Yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, Yusufawa, wato ɓangaren da ya yi tawaye, suka kafa sansani a Takai, garuruwan kudu da gabas suka sake shiga tsaka mai wuya har jagoransu Aliyu Babba ya shiga birni a 1894. Turawa suka ci Ningi a 1902, shugaban Ningawa Ɗanyaya ya mutu a wannan shekara. A ranar 1 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iso Bebeji, yamma da Rano, ta tarar da ƙofa a rufe. Harbin igwa ya fasa ƙofar, ya kashe sarkin garin da mutanen da ke tare da shi. Bayan kwana biyu Kano ta faɗi. Daga ranar ganuwa ta daina tsare kowa, mutane suka fara fita suna kafa gidan gona, dajin da tsoro ya haifar ya koma gonaki.

Wanda ya san wannan tarihi, in ya ji labarin Zirin Gaza a rediyo, ba baƙon abu yake ji ba, sai dai girman abin ya wuce misali. Gaza fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 365, da mutum fiye da miliyan biyu a ciki, yawancinsu zuriyar waɗanda aka kora ko suka gudu daga garuruwansu a 1948. Hamas ta ci zaɓen 2006, ta ƙwace iko da zirin a watan Yuni na 2007, daga nan Isra'ila ta datse shi ta ƙasa da ruwa da sama, Masar kuma ta taƙaita mashigar Rafah. Isra'ila ta ce tana hana shigar makamai ne, kuma gaskiya ne an yi ta harba rokoki daga Gaza zuwa garuruwanta. Amma takunkumin ya hau kan siminti da man fetur da kayan asibiti, ya ƙayyade wa masunta nisan da za su shiga teku, ya sa majinyaci sai da takardar izini zai fita neman magani. A 2012 kotu ta tilasta fitar da wata takarda ta 2008 wadda a ciki jami'an Isra'ila suka lissafa kalori 2,279 a matsayin abin da mutum ɗaya ke bukata a rana, suka mayar da shi adadin motocin abinci. Sun ce don kauce wa tamowa aka yi lissafin. Ko da haka ne, takardar ta nuna a hannun wa cikin mutanen Gaza yake. Ramukan da aka haƙa ƙarƙashin iyakar Rafah sun shigo da gari da siminti da tumaki, sun kuma shigo da makamai.

A ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas da wasu ƙungiyoyi suka fasa shingen Gaza, suka kashe kimanin mutum 1,200, akasarinsu fararen hula, suka yi garkuwa da kusan 250, har da yara da tsofaffi. Musulmin da ya karanta wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa, inda ya hana kashe mace da yaro da tsoho, ya hana sare itace mai 'ya'ya, ba shi da bakin da zai wanke wannan. Bayan kwana biyu ministan tsaron Isra'ila Yoav Gallant ya sanar da cikakkiyar ƙawanya: ba wuta, ba abinci, ba mai. Abin da ya biyo baya ya rushe yawancin gidajen zirin, kuma kafin ƙarshen Yuli 2025 ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga matattu fiye da 60,000. Daga 2 ga Maris 2025 aka hana shigar kayan agaji ɗungum na kusan mako 11. A ranar 22 ga Agusta, tsarin auna yunwa na IPC, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke dogaro da shi, ya tabbatar da cewa yunwa mai kisa ta sauka a birnin Gaza da kewayensa, mutum fiye da rabin miliyan na cikin matakin ƙarshe. Isra'ila ta musanta, ta ce Hamas ce ke karkatar da agaji. An tsagaita wuta a watan Oktoba na 2025.

Akwai bambancin da ya sa halin Gaza ya fi na kakanninmu muni. Ganuwar Rano mutanen Rano suka gina, mabuɗinta na hannun sarkin ƙofarsu, kuma in abin ya ci tura akwai daji, akwai dangi a wani gari, akwai ƙaura. Shingen Gaza daga waje ake kulle shi, gabas da arewa soja, yamma teku mai jiragen yaƙi, kudu ƙofar da ba ta buɗuwa sai an ga dama. Kanajeji kuma ya yi nasa a zamanin da babu wata doka tsakanin sarakuna sai ƙarfi. Yau akwai Yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949, wadda sashe na 33 nata ya haramta hukunta jama'a kan laifin da ba su aikata ba, akwai kuma ƙarin 1977 da ya haramta amfani da yunwa a matsayin makami a kan fararen hula. Laifin Hamas bai halatta wa kowa ya hana jariri madara ba.

Ɗan Najeriya ma ba zai yi wannan magana da girman kai ba. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 gwamnatin tarayya ta datse Biyafara, kuma ƙiyasin waɗanda yunwa ta kashe ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, galibinsu yara. A Satumban 2021 Zamfara ta rufe layukan waya da kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka don a matse 'yan bindiga. Ɓarayin suka koma ƙwatar abinci daga ƙauyuka, ƙauyawa kuma ba wayar kiran taimako. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Sojojin Yamai ba su sauka ba, amma a Maraɗi da Jibiya da Illela da Maigatari an ji a jika, har aka janye takunkumin a Fabrairun 2024.

Tun watan Yuli na 2024 Rano da Kibiya da Bunkure ne ke ƙarƙashin masarautar Rano. A cikin waɗannan ƙananan hukumomi uku akwai gidajen da har yanzu ake ba da labarin kaka da Ningawa suka tafi da ita, ko kakan da aka zo da shi daga dutse yana yaro. Masu riƙe da waɗannan labarai tsufa suke yi, ragowar ganuwa kuma ana ta kwasar ƙasarta ana gini. Ya kamata fadar Autan Bawo da sashen tarihi na Jami'ar Bayero su tura ɗalibai Rurum da Saji da Tarai da Kibiya, su zauna da tsofaffi maza da mata, su naɗi abin da ya samu waɗanda aka kulle da waɗanda aka kama, tunda littattafan fada na sarakuna kaɗai suka rubuta. Mai karatun da ke yi wa Falasɗinawa addu'a a masallaci kuma ya haɗa da neman gwamnatin Najeriya, wadda ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, ta tsaya kai da fata a Majalisar Ɗinkin Duniya a kan a bar mashigun Gaza a buɗe ga abinci da magani, ko ana yaƙi ko an tsagaita.